Na'urar Ƙara Zangon Wi-Fi: Amfaninta da Iyakarta

Duk wanda ya sa intanet a gidansa ko a ofishinsa, ko ta rautar MTN ko Airtel ce mai aiki da layin waya, ko kuwa ta Starlink da ta shigo Nijeriya a farkon 2023, ba ya daɗewa sai ya gane cewa ni'imar ba ta game ko'ina daidai ba, domin yayin da na falo yake kallon bidiyo ba yankewa, na ɗakin ƙurya ko na ofishin ƙarshen baranda sai ya yi ta ɗaga waya sama yana neman sabis. In ya kai kukansa kasuwa, maganin da za a fara miƙo masa shi ne wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, wadda 'yan kasuwa ke kira ekstenda ko rifita, a ce masa tana ƙara ƙarfin intanet. Zango take ƙarawa, ba ƙarfi ba, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai bambancin da ya wajaba mai saye ya fahimta kafin ya fid da kuɗinsa.

Asalin mas'alar shi ne cewa Wi-Fi igiyar rediyo ce, mai tafiya galibi a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, kuma ɗabi'arta ce ta raunana gwargwadon nisa da gwargwadon abin da ta ratsa. Na 2.4 ya fi nisan tafiya da haƙurin ratsa bango, sai dai ya fi cunkoso, tun da hanyoyi uku kacal ke cikinsa waɗanda ba su shiga juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, maƙwabta kuwa duk a kansu suke. Na 5 ya fi sauri da yalwa, amma bango biyu ko uku kan gajiyar da shi. Gininmu kuwa, na bulo da siminti, da dakin da aka zuba da rodi, da ƙofofin ƙarfe, da tankin ruwa a tsakar gida, balle tsohuwar katangar ƙasa mai kauri, ya fi ƙarfin nisan da ake rubutawa a jikin kwali, wanda a sarari ake aunawa, inda babu shamaki.

To, yaya rifita ke aiki? Tun daga ƙa'idar farko mai lamba 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997, hukuncin Wi-Fi shi ne kowace na'ura ta saurara kafin ta yi magana, in ta ji wata tana magana a hanyar ta dakata. Rifita mai rediyo guda, wadda ita ce mafi arha kuma mafi yawa a kasuwa, ba ta iya ji da faɗa a lokaci ɗaya, saboda haka sai ta karɓi saƙo daga rauta tukuna, sa'an nan ta maimaita shi ga waya a kan wannan hanya dai, kowane saƙo ya ci lokacin iska sau biyu. Misalinta misalin ladanin da ke isar da kabbarar liman ga sahun baya a filin Idi: ba ya ƙara kome a kan abin da liman ya faɗa, ba ya faɗa sai bayan ya ji, in kuwa ya tsaya inda muryar liman ba ta kai masa sosai, ƙarfin muryarsa ba zai amfani kowa ba. Sakamakon haka, alal misali, in megabit 40 a sakan ke isowa inda aka cusa ta, abin da zai wuce ta bai fi kamar 20 ba, in aka jera ta biyu a bayanta ya sake rabewa. Bayan haka akwai jinkiri, wanda mai karanta labarai ba zai lura da shi ba, amma mai kiran WhatsApp ko taron Zoom zai ji shi a tsinkewar murya. Kuma lokacin da ta cinye wajen maimaitawa daga rabon sauran mutanen gida yake fita, har da na falon da a da ba shi da ƙorafi.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A gidaje da yawa abin da ke shigowa daga kamfani ya gaza abin da Wi-Fi ke iya ɗauka nesa ba kusa ba, ta yadda ko an raba na cikin gida biyu, saura ya ishe shi, a nan rifita alheri ce ba tare da wata hasarar da za a gani ba. Amma wannan dalili shi ne kuma yake nuna iyakarta, domin in rauni daga turken sabis na unguwa yake, ko daga cunkoson yamma lokacin da kowa ya hau, babu rifitar da za ta warkar da shi.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda kuma ya fi ba ni takaici domin gyaransa ba ya cin ko kwabo, shi ne a kai ta ɗakin da babu sabis a cusa a can. Nan take waya za ta nuna sabis ya cika, mai gida ya yi hamdala, alhali kuwa abin da wayar ke nunawa ƙarfin alaƙarta ne da rifitar da ke gabanta, ba alaƙar rifitar da rauta ba. Sai a ga alama cike, shafi kuwa yana ta juyawa ya ƙi buɗewa. Mazauninta na haƙiƙa shi ne tsakiyar hanya, inda sabis ɗin rauta yake da sauran ƙarfi, a soket mai ɗan tsayi, nesa da firji da bayan talabijin, kuma, in da hali, a kan layin inbata ɗaya da rauta, don kada a ɗauke wuta ta mutu ita kaɗai. Wata illar kuma, waya kan liƙe wa rifita ko da mai ita ya dawo ya zauna gab da rauta, sai an kashe Wi-Fi an kunna take sakinta.

Game da ofis, inda ma'aikata goma ko ashirin ke aika takardu, ga firinta, ga kyamarorin tsaro masu tura hoto dare da rana, ra'ayina shi ne rifita larura ce ta ɗan lokaci, ba tsari ba. Kebul shi ne magani: na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit guda har nisan mita 100, a ja shi daga rauta zuwa ɓangaren da ke nesa a ɗora masa na'urar watsa Wi-Fi ta biyu, wadda ba ta da buƙatar maimaita kome a iska. Inda jan kebul ya faskara, kamar gidan haya, sai a nemi rifita mai zango biyu, ta ji da ɗaya ta faɗa da ɗaya, ko tsarin mesh, mai na'urori da dama da ke aiki tare, musamman wanda ya keɓe rediyo guda don zance tsakanin na'urorinsa, ko da yake ya fi tsada ƙwarai.

Kada kuma a manta cewa zangon da aka ƙara ba ya tsayawa a katanga, yakan kai har majalisar ƙofar gida, don haka wajibi ne a sa mata lambar sirri mai ƙarfi, a kuma sauya wadda ta zo da ita daga kamfani, in ba haka ba datar wata ta ƙare kafin wata ya raba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka nufi kasuwa, fid da rautarka daga cikin kabad ko bayan kujera, ka ɗora ta a wuri mai tsayi kusa da tsakiyar gida, ka auna sauri a gabanta, ka sake aunawa a ɗakin da ake kuka da shi. In duka biyun sun yi rauni, kamfaninka za ka tuntuɓa. In na ɗakin ne kaɗai ya gaza, fara tambayar kuɗin jan kebul kafin ka tambayi kuɗin rifita.