Ido Ba Mudu Ba, Ya San Ƙima: Abin Da Kallon Jirgin Kaya Zai Koya Wa Fataken Damargu

A duk faɗin ƙasar Damargu, tun daga Tanut har zuwa Belbeji da ƙauyukan da ke cikin kwarin Tarka, babu ko taku ɗaya na layin dogo. Yaron da aka haifa a can zai iya girma, ya yi aure, har ya aurar, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba sai a talabijin ko a wayar salula. Amma duk da haka, jirgin ƙasa ya fi shekara 100 yana taɓa aljihun mutanen wannan yanki, walau sun sani ko ba su sani ba. Wannan ne ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan kasuwarmu, maza da mata, zuwa ga wani abu da mutane da yawa ke ɗauka aikin marasa aikin yi ne, wato tsayawa a gefen tasha a kalli jirgin kaya, a ƙirga taragansa, a kuma ɗauki hotonsa.

Sha'awa ce a wasu ƙasashe

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da babu abin da suke so kamar kallon jirgin ƙasa. Sukan yi sammako su tsaya a kan gada ko bayan shingen tasha da na'urar ɗaukar hoto da ɗan littafi, duk kan jirgin da ya wuce su rubuta lambarsa da lokacin da ya wuce da irin kayan da yake ja. A Ingila abin ya bunƙasa ne tun daga 1942, lokacin da wani matashin ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai ɗauke da lambobin kawunan jirage, yara da manya suka yi ta rububinsa.

A nan Afirka kuwa, jirgin da masu ɗaukar hoto suka fi yi wa tattaki shi ne na ƙasar Muritaniya, wanda ke kwasar ma'adinin ƙarfe daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu tun 1963. Tafiya ce ta kilomita 704 cikin hamada tsantsa, kuma tsawon jirgin kan haura kilomita 2, da tarago wajen 200. Ƙananan 'yan kasuwa kan hau samansa da buhunansu, wasu har da tumaki. Wato dai hamada ba ta hana dogo shiga, in akwai kayan da za a ɗauka.

To, su waɗancan don nishaɗi suke kallo. Mu kuwa da muke cin abinci a kasuwa, akwai abin da ya fi nishaɗi a ciki, domin jirgin kaya tamkar littafin lissafi ne da aka buɗe a fili. Wanda ya iya karanta shi zai san abin da ke shigowa gari, da abin da ke fita, da kuma inda kasuwa ta sa gaba.

Yadda dogo ya juya wa Damargu baya

Kafin zuwan Turawa, Damargu zango ce babba a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas har zuwa Tarabulus ta bakin teku. A nan ayari ke sayen gero ya yi guzuri, a nan ake samun raƙuma da gashin jimina. Bature matafiyin nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a watan Janairun 1851, ya kuma shaida yalwar hatsinta.

Sai ga shi a 1911 layin dogo ya iso Kano, aka kuma buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kilomita 1,126 ce, wadda jirgi ke yi cikin 'yan kwanaki, alhali ayarin Tarabulus sai ya shafe watanni a hanya. Ba a daɗe ba fatu da ƙiraga suka daina bin arewa suka koma kudu, yadi da sukari suka riƙa shigowa ta teku. Ayarin hamada ya mutu, sai na gishiri da dabino ya rage. Damargu da take tsakiyar hanya ta wayi gari ta koma gefe.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 1929 dogo ya kai Ƙaura Namoda, a 1930 ya kai Nguru, dukkansu kusa da iyakar Nijar. Nguru ta zama matattarar shanu da fatu da ƙaro, inda ake loda dabbobin da aka koro daga arewa a tarago zuwa mahautan kudu. Gyaɗar Magariya da Matamai ita ma ta bi ta Kano, ta Maraɗi kuma wani kaso ya bi ta Ƙaura Namoda. Darasin a bayyane yake: duk inda dogo ya tsaya, nan kasuwa ke yada zango.

Abin da tsofaffin hotuna ke faɗa

Kusan kowa ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake danganta farkonta da marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955. Dala guda kan ɗauki buhu har 15,000. Mukan kalli hoton mu ce Allah sarki zamanin arziki, kuma gaskiya ne. Sai dai wanda ya ƙura ido zai lura cewa a gefen dogo ake jera dalar, domin jiran tarago take yi. Musamman bayan yaƙin duniya na biyu, gyaɗar da manoma ke kawowa ta fi ƙarfin taragan da ake da su, sai buhuna suka yi ta taruwa, wani lokaci har kaka ta zagayo ba a gama kwashewa ba. Ashe hoton da muke gani na arziki, hoton ƙarancin jirgi ne kuma. Dalar ta ɓace a shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da kuma komawar hankali kan man fetur.

Da ba don wasu sun tsaya sun ɗauki waɗannan hotuna ba, da yau sai dai labari. Shi ya sa muke cewa wanda ya ɗauki hoton tarago a yau, tarihi yake ajiye wa jikokinsa.

Yadda ake karanta jirgin kaya

Bafataken Tarka da ya kai wake ko dabbobi Kano, ya sayar a Dawanau, ya shiga Kantin Kwari ko Singa ya yi sari, ba zai yi asara ba in ya ware awa guda ya leƙa wajen tasha. Ga abubuwan da ya kamata ya lura da su.

Na farko, kan jirgi. Shi ne injin da ke jan sauran, kuma kowanne yana da lambarsa a goshi da gefe. A da da kwal ɗin Inugu suke aiki, suna tafe suna tuƙa hayaƙi, amma tun daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara shigo da masu amfani da man dizal. In mutum ya riƙa ganin lamba ɗaya ko biyu kullum su ne ke kai da kawowa, to ya san kawunan da ke da lafiya ba su da yawa, kuma kayan da aka ba jirgi za su iya yin jira.

Na biyu, irin tarago. Rufaffe mai ƙofa a gefe na buhuna ne, kamar siminti da taki da hatsi. Buɗaɗɗe na tsakuwa ne ko ƙarafa. Mai kama da tanki na mai ne. Shimfiɗaɗɗe marar bango na kwantena ne. Mai tagogin shan iska kuwa na dabbobi ne, irin wanda a 2016 aka loda wa shanu kimanin 500 daga Gusau zuwa Ikko, a wani yunƙuri na farfaɗo da tsohuwar sana'ar.

Na uku, cike yake ko wofi? Tarago mai kaya yakan zauna sosai a kan ƙafafunsa, ƙararsa mai nauyi ce, wofi kuwa sai kwaramniya. In jirgi ya zo cike ya koma wofi, wannan alama ce cewa akwai gurbin da mai wake ko riɗi ko fata zai nemi rangwamen kuɗin dako, kamar yadda muke yi da direban babbar mota da ba ya son komawa haka nan.

Na huɗu, lambar kwantena. Kowace kwantena a duniya tana da haruffa 4 da lambobi 7 a jikinta. Duk wanda ya yi haɗin gwiwa da wasu aka yi masu lodi, ya ɗauki hoton wannan lamba da na hatimin da aka rufe ƙofar da shi. Ranar da aka samu saɓani, hoton nan shaida ne da ba ya mantuwa.

Na biyar, faɗin dogo. Tsohon layin Ikko zuwa Kano tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce. Sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Ikko zuwa Badun na 2021, tasu 1,435 ce. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Duk inda layuka biyu masu bambancin faɗi suka haɗu, dole a sauke kaya a sake lodi, kuma kowace saukewa kuɗi ce da ɓata lokaci.

Hoton biki daban, hoton kaya daban

Mu a Nijar mun ga darasi a kan wannan. A watan Afrilun 2014 aka ƙaddamar da tashar jirgin ƙasa a Yamai, a farkon 2016 kuma aka yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Doso mai kilomita kimanin 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. An ɗauki hotuna, an ga kan jirgi yana ƙyalli da tutoci. Sai dai ba a haɗa layin da Paraku ta ƙasar Benin ba, inda dogon Kwatano ya tsaya tun 1936, don haka bai zama hanyar kaya ba. Dogon da bai kai teku ko babbar kasuwa ba, ado ne kawai.

A watan Fabrairun 2021 kuma shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan dala biliyan 1.96. An tsara ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, kuma mai faɗin nan ne na zamani. An sa ranar gamawa an kuma ɗaga. A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano, wadda cikin manufofinta har da karɓar kayan 'yan kasuwar Nijar.

Ga mutanen Tarka da Tanut, wannan layi ƙofa biyu zai buɗe: ta Maraɗi ga wanda ya gangara ta Tasawa, da ta Daura ga wanda ya bi ta Damagaram da Matamai. Abin da za a sa wa ido ba ranar yanka kintinkiri ba ce. A jira a ga tarago nawa ke shiga a mako, me suke ɗauke da shi, da me suke komawa, kuma nawa ake biya a kan buhu ko kan sa. Sannan kada a manta dogo ba ya tsallake rufaffiyar iyaka: mun ga yadda rufewar Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 zuwa Maris 2024, suka durƙusar da fatake da dama.

Iyayenmu mata su ma abin ya shafe su. Garuruwa irin su Kafanchan da Funtuwa da Nguru da albarkar tasha suka tashi, kuma masu fura da ƙosai da tuwo na cikin waɗanda suka fara cin moriyar. Wadda ta san ranar da jirgi ke zuwa da yawan leburorin da ke sauke kaya, ita ta san mudu nawa za ta jiƙa.

A kalla, amma da hankali

Rigakafi ya fi magani. Farfajiyar da ake jera taragai ba wurin yawo ba ce, kuma akwai 'yan sandan reluwe da ke gadinta. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, jami'an tsaro ba sa wasa da baƙon da suka gani yana ɗaukar hoto. A fara gaida shugaban tasha, a faɗi ko wane ne da abin da ya kawo mutum, a nemi izini. In an hana, a haƙura. Kada a ɗauki jami'in tsaro, kada kuma a ɗauki lebura ko mai talla ba da yardarsu ba.

Kada a tsaya a kan dogo ko dab da shi, domin jikin jirgi ya fi dogonsa faɗi ta kowane gefe. Jirgi mai kaya ba ya tsayawa nan take, sai ya ja ɗaruruwan mitoci bayan an taka birki. Tarago da ke tsaye kuwa yana iya motsawa ba tare da an busa ƙaho ba, don haka ba a bi ta ƙarƙashinsa, ba a ratsa tsakanin biyu, ba a kuma shimfiɗa kaya a inuwarsa. Masu kasa kaya a bakin dogo su ja da baya, su kuma riƙe yaransu.

Game da hoton kansa, wayar hannu ta isa. A zo da safe ko da la'asar, a ba rana baya, a tsaya ta kusurwa yadda goshin jirgi da jerin taragai za su fito tare. Lokacin hunturu a goge idon wayar saboda ƙura. Bayan an ɗauka a rubuta rana da wuri, domin hoton da ba shi da kwanan wata rabin shaida ne.

A 1911 dogo ya zo Kano, labari bai iso Damargu da kyau ba sai da ayari ya daina zuwa. A wannan karon muna da waya a aljihu, muna da 'yan'uwa a Kano da Katsina da Maraɗi da za su iya turo mana abin da idonsu ya gani. Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar Belbeji da Tanut, da na dillalan dabbobi, da na mata masu adashi, su fara tattara wannan bayani tun yanzu, su san ta wace ƙofa gero da wake da bisashensu za su fi riba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.