MAKULLIN DA BA A RATAYA SHI A WUYA: Kalmar Sirri Da Amanar Kwamfuta A Zongo



Dattawan unguwarmu da suka ga tashin tsohon Zongo a shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe shi daga tsakiyar birnin Lome aka kwaso jama'a aka kawo su nan Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da gari, sukan ba mu labari cewa abin da maigida ya fara ɗora wa mota a ranar shi ne akwatinsa na ƙarfe mai kwaɗo. A cikinsa ne littafin bashi yake, da rasitai, da ajiyar fataken goro da na shanu waɗanda ke sauka a gidansa. Makullin kuwa yana rataye a wuyansa ko cikin aljihun 'yar ciki, kuma babban ɗansa ya san inda na biyu yake.

Yau wannan akwati ya zama kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tun da intanet ya shigo Togo a 1997, kuma kwamfutocin da aka yi amfani da su a Turai suka riƙa sauka a tasharmu ta jiragen ruwa suna cika shagunan Dekon, da wuya ka shiga gidan ɗan kasuwa ko na malamin makaranta a Zongo ba ka ga guda ba. Lissafin kaya, sunayen masu bashi, hotunan iyali, makin jarrabawar ɗalibai, duk suna ciki. Makullinta kuwa ba na ƙarfe ba ne. Kalma ce, wadda muke kira kalmar sirri, ita ce na'ura ke nema idan ta rubuta mot de passe a fuskarta.

Abin Da Muka Gani Da Idonmu

Shekaru biyu da suka wuce Allah ya yi wa wani maƙwabcinmu rasuwa, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gyaran babur. Bayan sadakar bakwai aka zauna maganar gado, kuma kowa ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, an kuma san abin da yake bin mutane. Lissafin duk yana cikin kwamfutarsa, kwamfutar kuwa a kulle. Babban ɗansa ya zo mana da ita, ya ce, "Malam, ku taimaka mana, Baba bai gaya wa kowa ba." Muka gwada sunan uwargida, da na amarya, da na autansa, da shekarar da ya je Makka, ba ta buɗe ba. Mako uku ana cikin wannan hali, masu bin bashi suna sallama a ƙofar gida, waɗanda ake bi kuwa sun yi shiru.

Daga ƙarshe aka kai ta wurin wani mai gyara. Yaron bai ko tambayi kalmar ba. Ya kwance na'urar, ya zaro faifan ajiyarta, ya jona shi da tasa kwamfutar, kafin a kira la'asar ga lissafin marigayi a buɗe. Iyali suka yi hamdala. Mu kuwa muka dawo gida da tunani biyu. Na farko, kalmar da ta hana magada shiga har mako uku ba za ta hana ɓarawon da ya san aikin shiga ko na sa'a ɗaya ba. Na biyu, da a ce sabuwar na'ura ce wadda ke rufe faifanta gaba ɗaya, da lissafin nan ya tafi har abada. Ke nan makulli yana da sharaɗi biyu: ya gagari wanda bai kamata ya shiga ba, kada kuma ya ɓace wa wanda ya kamata.

Kalmar Da Ɓarawo Ke Fara Gwadawa

Kalmar sirri ta kwamfuta ta samo asali ne a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, inda wani malami mai suna Fernando Corbató ya ba kowane mai aiki da babbar na'urarsu tasa kalmar, domin kada wani ya leƙa takardun wani. Tun daga wannan lokaci matsalar ɗaya ce, ɗan Adam yana son abin da zai tuna ba tare da wahala ba. A 2009 aka sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga wani kamfanin Amurka mai suna RockYou aka baza su a intanet. Da aka ƙidaya, wadda ta fi yawa ita ce 123456. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci irin tamu kuwa, azerty na cikin waɗanda aka fi sawa, domin su ne haruffa shida na farko a kan allon rubutu.

Mu a Zongo muna da namu: sunan ɗa, lambar waya, shekarar haihuwa, lambar babur, ko 786. Duk wanda ya zauna da kai wata ɗaya ya san waɗannan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa mai leƙa kwamfutarka ba daga nesa yake ba, yaron shago ne ko baƙon da ya ce a ara masa ya aika saƙo.

Yadda Ake Ƙulla Mai Ƙarfi

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Lamba mai gurbi 4 tana da fuska 10,000 kacal. Kalma mai ƙananan haruffa 8 tana da kimanin biliyan 208. Wannan kamar yana da yawa, amma idan ɓarawo ya kwashi sawun kalmar daga faifai, akwai na'urorin da ke gwada biliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. To amma in mutum ya ɗauki kalmomi 5 waɗanda ba su da dangantaka da juna daga cikin kalmomi 2,000, yawan fuskokin ya ninka na haruffa 8 ɗin nan fiye da sau 150,000. Tsawo shi ne ƙarfi.

Saboda haka ne a 2017 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta sake shawararta. Ta ce a fi ba tsawo muhimmanci, a kuma daina tilasta wa mutane sauya kalma kowane 'yan watanni, sai dai in ana zaton ta fita, domin mai sauyawa kullum yakan ƙara lamba ɗaya ne kawai a ƙarshe.

A nan harshenmu yana da amfani. Buɗe ƙamus ko wani littafi a shafuka daban-daban, inda yatsa ya faɗa ka ɗauka, alal misali goro, tsani, kada, lema, bakwai. Haɗa su, ka zana hotonsu a zuciya, ga kada ta hau tsani da lema. Kada dai wani ya ɗauki wannan misali, tunda an riga an buga shi. A guji karin magana da aya da baitin waƙa, domin abin da jama'a suka haddace ba sirri ba ne.

Sai wani tarko da ya shafe mu musamman. Kwamfutocin da ke zuwa mana wasu daga Faransa suke, wasu daga Jamus, wasu daga Ingila ko Amurka, kuma tsarin haruffansu ya bambanta. Inda allon Faransa ke da A, na Ingila Q ne, inda yake da Z, can W ne, harafin M ma ya sauya wuri, lambobi kuwa a allon Faransa sai an danne maɓallin Maj suke fitowa. Mun sha ganin wanda ya rantse an sauya masa kalma, alhali harshen allon ne ya juya. A duba alamar FRA ko ENG a kusurwar ƙasa kafin a rubuta. Haka nan kada a sa ƙ, ɗ ko ɓ a cikin kalmar, domin wata rana za a neme su a rasa.

Na'ura Ɗaya, Hannu Goma

A gidajenmu kwamfuta ɗaya ce maigida ke lissafi da ita, yara su yi aikin makaranta, matasa su kalli ƙwallo. Maganin wannan shi ne kowa da ɗakinsa. A Windows, a shiga Paramètres, sannan Comptes, a buɗe wa yara nasu asusun wanda ba shi da ikon shugaba, maigida ya riƙe nasa. In za ka tashi, ko alwala ce za ka yi, danna maɓallin Windows tare da L, na'ura ta kulle nan take.

Windows kan nemi amsar tambayoyi uku domin ranar mantuwa, irin su garin da aka haife ka, ko sunan makarantarka ta farko, ko sunan da ake kiranka da shi kana yaro. A Zongo wa bai san waɗannan ba? Ba da amsar da ba ita ba ce, ka rubuta ta ka adana.

Kada kuma kalma ɗaya ta buɗe kwamfuta da imel da Facebook gaba ɗaya. Wanda suka yi masa yawa, akwai manhajar ajiye su kyauta irin KeePass. Lambar Flooz ko ta Mixx by Yas, wadda muka sani da TMoney kafin ƙarshen 2024, ita ma ta zama daban, kuma duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake yana neman ta, macuci ne.

Makulli Na Biyu

Domin kada mai gyara ko ɓarawo ya zaro faifai ya karanta, akwai tsarin rufe faifan gaba ɗaya, wanda a Windows ake kira BitLocker. Sababbin na'urori masu Windows 11 da yawa suna kunna shi da kansu. Yana da makullin ceto mai lambobi 48, kuma in kalma ta ɓace, wannan makulli ma ya ɓace, babu mai gyaran da zai iya komai, ko a Dekon ko a Faransa.

Don haka shawararmu ita ce ta dattawa. A rubuta kalmar sirri da makullin ceto da hannu a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, a ajiye tare da takardun fili, a kuma gaya wa amintacce guda ɗaya inda take. Abin da ake hanawa shi ne manna ta a jikin na'ura ko ƙarƙashin allon rubutu. Lissafin bashi kuwa a riƙa kwafe shi a faifan waje, ko a buga shi a takarda ƙarshen kowane wata.

Hukuma ta yi nata. Togo ta kafa dokar tsaron intanet a watan Disamba na 2018 da ta kare bayanan mutane a 2019, akwai kuma hukumar ANCy da cibiyar CERT.tg da ake kai wa rahoton kutse. Amma babu hukumar da za ta zaɓa maka kalma, ko ta gaya wa 'ya'yanka inda ka ajiye ta. Abin da ke cikin na'urar nan ba naka ne kai kaɗai ba, akwai haƙƙin marayu da na abokan ciniki. A daren yau, bayan isha, a zauna a gyara. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.