Manjagarar Harawa Ba Ta Sharar Gona Ba Ce

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a watan Yulin 2024, zancen injina ya shiga bakin masu kiwo. Wai za a kawo na yankan ciyawa, da na tarawa, da na ɗaure dami, kowa ya rataye laujensa ya huta. Wasu sun gaskata, wasu sun ce kunne ya gaji da ji. Ko su zo ko kada su zo, kaka ba ta jiran kowa, kuma daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi a Zamfara abin da ke tara abincin dabbobin rani bai wuce lauje da hannu da manjagara ba. A kan manjagarar nan ne ake tafka asarar da ba a lissafa ta.

Ku duba yadda ake sayenta ranar kasuwa. Mutum zai ɗaga ya jinjina, in ya ji nauyi ya ce wannan ƙarfe ne. Ya ja ta a ƙasa, in ta bar sawu kamar garma sai ya biya yana murna, don ya sami wadda za ta share masa gona tas. Ga mai sharar gona da bazara, ko mai baje fangali a lambu, wannan ma'auni daidai ne. Ga mai tara ciyawa da harawa kuwa, ya sayi abin da zai kakkaɓe masa abinci ya kwaso masa ƙasa.

Abincin harawa a ganye yake. Masu binciken dabbobi, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, suna auna darajar ciyawa ne da yawan sinadarin gina jiki da ke cikinta. Harawar wake mai ganye tana haura kashi 12 cikin 100, busasshen karan dawa kuwa da ƙyar yake kai 5, alhali tumbin saniya na buƙatar wajen kashi 7 kafin ya iya narka abin da ta ci yadda ya kamata. Mafi yawan wannan sinadari yana cikin ganyen, jijiyar kuwa galibinta ƙoshin ciki ne kawai. Kowace uwar gida ta san haka a zogale: ganyen ake zagewa a shanya, ba wadda ta taɓa yin kwaɗo da tsinkunan, kuma in ya bushe ƙayau ba a yi masa riƙon ganganci don garin zai zube. To me ya sa idan aka zo kan harawa sai mu auna ta da girman dami? Ƙaton damin da ganyensa ya zube a gona tsinke ne aka yi wa ɗauri, rago zai tsattsaga ya bar maka rabi a turke, kai kuma ka ce ragon ne mai tsirfa.

Ganyen wake da na gyaɗa yana riga jijiya bushewa. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, wuni guda ya isa ganye ya zama mai karyewa, jijiyar kuwa tana nan ɗanya. A wannan hali duk haƙorin ƙarfe da ya bi ta kai sai ya farfasa shi. Shi ya sa masana ke cewa a tara ciyawa tun tana da sauran danshi, wajen kashi 40 cikin 100, sannan a bar ta ta ƙarasa bushewa a jere har ta sauka ƙasa da kashi 20 kafin a ɗora ta a rumfa ko kan ɗaki. Manomi ba ya buƙatar na'ura don gane wannan. In ka murɗa ta ta lanƙwashe ba ta karye ba, kuma ruwa bai fito ba, lokacin tarawa ya yi. In ta riga ta bushe, a bari sai da sassafe raɓa ta tausasa ta. Wanda ya yi gaggawar ɗaurewa da ɗanyenta kuma fumfuna ce ladansa. Harawar wake ma dai, naɗin hannu da iyayenmu suka saba ya fi kowace manjagara. Aikin manjagara yana kan ciyawar da aka yanka da lauje, irin su kyasuwa da harƙiya, da kuma ragowar ganyen gyaɗa bayan an tsinke.

Sai batun ƙasa, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi ga wannan yanki. In aka ƙona ciyawa mai tsabta, tokar da za ta rage ba ta cika wuce kashi 8 cikin 100 ba. Abin da ya haura haka yawanci yashi ne da turɓaya da aka kwaso. A ko'ina, ƙasa a cikin abinci tana cinye haƙoran dabba, ta cika mata ciki a banza. A Anka da Bukkuyum kuwa, ƙasa tana da tarihi. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. Kafin a ankara da na yaran, agwagi ne suka fara ƙarewa a garuruwan. Maganin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidaje a kwashe a zuba sabuwa, kuma Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma gudu daga inda ta zauna. Tana saman ƙasa, daidai inda haƙorin manjagara ke kartawa. Abin da tsiro ke zuƙa ta saiwa kaɗan ne in aka gwada da ƙurar da ke manne wa ganye da wadda ake kwasowa wajen tarawa. Shanu na cikin dabbobin da dalma ta fi saurin kamawa, tana taruwa a hanta da ƙoda, tana kuma fita a nono, nonon da yara za su sha da fura. An tsabtace gidaje, amma ba wanda zai ce an kankare kowace gona da kowane bakin gulbi da aka taɓa wankin zinariya. Ga shi kuma a watan Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Duk ciyawar da ta tsiro kusa da injin niƙan dutse ko wurin wanki, ba ta da manjagarar da ta dace da ita. A bar ta kawai.

Akwai wata ɓarnar da arha ke jawowa. Manjagarar da aka yi wa walda da ƙusoshi ko guntayen waya tana zubar da haƙora a cikin ciyawa. Akuya na tsince abincinta, saniya kuwa lasowa take da harshe ta haɗiye. Ƙusar ta sauka a ɓangaren tumbi da ke dab da zuciya, ta huda, sa ya kama rama da nishi, mai shi yana ta sayen allura. Sai mahauci ya buɗe ciki ake ganin dalili. Wanda ya ƙirga haƙoran manjagararsa kafin aiki da bayan aiki bai yi wauta ba.

Manjagarar da ta dace da ciyawa ita ce mara nauyi, mai faɗin kai, mai haƙoran itace ko gora ko siririn ƙarfe mai lanƙwasa, bakinsu a dakushe, da tazarar kamar yatsu biyu ko uku a tsakani don ƙasa da tsakuwa su zube. Ƙota ta yi tsawo har ta haura kafaɗa, domin doguwar ƙota ce ke sa haƙora su kwanta su shafi sama. Gajera takan tsayar da su su yi haƙa, ta kuma karya wa mai aiki baya. Ciyawar fadama mai kauri da ruwa, irin burgun bakin Gulbin Zamfara, juyawa take so da sanda mai yatsu kafin a yi maganar tarawa. Duk wannan ba ya fin ƙarfin masassaƙi ko maƙerin gari in an gaya masa abin da ake so. Matsalar ita ce ba a gaya masa, ƙarfe mai nauyi ake nema shi kuma ya ƙera.

To, in injinan sun zo fa? Su ma suna da wannan ciwon. Manjagarar inji mafi arha ita ce mai ƙafafun taya da haƙora, wadda gogar ƙasa ce ke juya ta, kuma gwajin da aka yi a Amurka ya nuna ta fi sauran cusa ƙasa a cikin ciyawa. Mai juyawa da ƙarfin tarakta ta fi tsabta don ana iya ɗaga haƙoranta, amma ta fi tsada da son gyara. Dukansu an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗen fili, ba gonar kunya-kunya da aka haɗa gero da wake ba. Kuma manomin da 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa, yana aiki yana waige, ba tarakta ce damuwarsa ta farko ba. Abin tsoro shi ne mai kwangila ya duba farashi kawai ya jibgo mai tayar, a ɗauki hoto, a tafi.

Kafin a kashe kuɗi kan injin, ma'aikatun gona da na muhalli na jiha su auna ƙasar gonaki da makiyaya da ke kewaye da tsoffin wuraren niƙa a Anka da Bukkuyum, su sanar da sakamakon ta rediyo da bakin masu unguwanni, don mai kiwo ya san inda zai yanka da inda zai ƙaurace wa tun kafin kaka.