Sigarin laturoni tsakanin Suleja da Abuja: sauyi ne ko ƙarin kaya?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Suleja yakan bar gida tun da duku-duku, ya bi ta Madalla da Zuba, ya ratsa cunkoson babbar hanyar Kubwa kafin ya isa ofis, ba ya komowa sai bayan magariba. Idan mashayin sigari ne, sa'o'in nan duk na takura ne, domin dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta busa hayaƙi a motocin haya da ofisoshi, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karya. A wannan giɓi ne sigarin laturoni ya sami gurbi. Abu ne kamar biro, ba ya buƙatar ashana, ba ya barin toka, kuma ƙamshinsa na mangwaro ne ko na'a-na'a, ba ya tona asirin mai shi a gaban oga.

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003, kuma shi kansa mashayi ne da cutar dajin huhu ta kashe mahaifinsa. Dabarar ita ce batir ya ɗumama wani ruwa mai ɗauke da nikotin har ya zama tururi, sai a shaƙa. Nikotin shi ke kama mutum ya hana shi bari, amma yawancin ɓarnar daga ƙona ganyen taba take fitowa: hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu haddasa cutar daji. Da aka cire wuta, an cire kaso mai yawa na dafin.

A kan haka ne hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 illar sigarin laturoni ta yi ƙasa da ta sigari da kimanin kashi 95 cikin 100, adadin da masana ke ta muhawara a kansa har yau. Wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka bai wa na laturoni sun yi shekara ba su koma ga sigari ba, yayin da a cikin masu amfani da cingam ko filastar nikotin kusan kashi 10 ne kawai suka kai. Sai dai takwas cikin goma na waɗanda suka yi nasarar suna nan riƙe da na'urar bayan shekarar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta gamsu ba; a Disambar 2023 ta nemi ƙasashe su tsaurara doka a kansa, Indiya ma ta haramta shi tun 2019.

Inda gizo ke saƙar ga sabon shiga shi ne haɗa biyun. Tsarin rayuwar mai kai-komo tsakanin Suleja da Abuja kamar an yi shi ne don wannan tarko: na laturoni da rana a bayan ofis, kara biyu ko uku na sigari da dare a teburin mai shayi. Mutum ya ga ya sauko daga kwali guda zuwa kara uku, sai ya ɗauka ya tsira. Zuciya ba ta bin wannan lissafi. Nazarin da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2018 ya gano cewa kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 ke fuskanta. Wanda ya haɗa biyun bai rabu da hayaƙi ba, ga shi kuma ya buɗe wa nikotin ƙofa a sa'o'in da doka ta rufe masa a da. Ribar sauyin tana ga wanda ya tsayar da rana ya yar da kwalin gaba ɗaya.

Matsala ta biyu ta kasuwa ce. Sakamakon da aka samu a Ingila an same shi ne da kayan da hukuma ke sa wa ido, inda nikotin ba ya wuce miligiram 20 a kowace mililita. Da yawa daga cikin na sha-ka-yar da ake tallatawa a Instagram an rubuta musu kashi 5, wato miligiram 50, ninki biyu da rabi. Kara na sigari yana ƙarewa ya sallami mai shi. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, ana iya wuni ana zuƙa. Jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji alamu ne na nikotin ya yi yawa. Ruwan da ba a san inda aka haɗa shi ba ya fi komai haɗari: a Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800, 68 suka mutu, akasari saboda ruwan bayan fage mai sinadarin wiwi da aka gauraya da wani maiƙo.

Akwai kuma gida. Kwalbar ruwa mai ƙamshin alawa a ɗakin da yara ke wasa guba ce idan aka haɗiye, batirin kuma ba ya son zafin motar da aka ajiye a rana. Mai juna biyu da matashi da wanda bai taɓa shan taba ba, babu abin da zai kai su kusa da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita a asibitin da ya yi rajistar inshorar lafiya, ya tambayi batun cingam da filastar nikotin, ya kuma tafi da na'urar a aljihu domin likitan ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.