In Aka Kai Ki Wurin Mai Ɗori

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ko da yake dai akwai amarya a ciki.

Saura sati uku bikin ƙanwata Hajara, tana wankin tsakar gida santsi ya kwashe ta, ta kai hannun hagu ta dafa ƙasa. Kafin ka ce kwabo wuyan hannun ya yi suntum. Kakarmu ta duba ta ce, "Targaɗe ne, mi za a yi asibiti? Ku kai ta a ɗora." Ni aka haɗa da ita muka nufi gidan wani mai ɗori a cikin gari.

Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, a kan tabarma za a zaunar da ke a soro. Zai yi bisimilla ya yi tofi, ya bi ƙashin da yatsunsa yana lalube. Sai a sa mutum biyu su riƙe ki, shi kuma ya ja. Kada wani ya ruɗe ki, da zafi! Ihun da Hajara ta yi har yau yana kunnena. Daga nan ya shafa man shanu, ya jera kara, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau, ya ce kada a kwance sai mun dawo.

Ni dai ban raina masu ɗori ba, sana'a ce ta gado, kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu. Su ma Turawa suna da masu gyaran jiki da hannu, wani likita Andrew Still ya faro abin a Amurka a 1874. Amma a Ingila aikin irin waɗannan tausa ne da motsa gaɓoɓi don ciwon baya da wuya, in suka ga alamar karaya asibiti suke tura mutum a yi hoto. To mu fa? Yatsa ba ya ganin cikin nama.

Da daddare Hajara ta kasa barci. Ta ce yatsunta sun yi mata nauyi kamar ba nata ba. Na haska tocila, wallahi sai da gabana ya faɗi: sun kumbura sun yi sanyi, farcen ya soma duhu. Na ruga na buga wa maƙwabciyarmu nas ƙofa. Ko zama ba ta yi ba ta warware ɗaurin, ta ce, "Ku tashi, asibiti yanzu."

A hanya take yi mani bayani. Wurin da ya karye yakan ci gaba da kumburi kwana biyu zuwa uku, in an ɗaure da ƙarfi sai jini ya kasa wucewa, cikin 'yan awoyi nama ya fara mutuwa. Irin haka ne ake kai yara asibitin ƙashi na Dala a Kano hannu ya riga ya ruɓe, sai dai a yanke. Ta ce zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu su ƙi motsi, su dushe ko su yi sanyi, ba a jira gari ya waye, ko da filastar asibiti ce. In kuwa ƙashi ya huda fata, kada ma a biya ta wurin ɗori.

Hoto ya nuna karaya ce, ba targaɗe ba. Aka gyara, da kumburin ya saɓe aka sa filasta, likita ya ce sati shida. Hajara ta dinga kuka wai a ɗaga biki, Baba ya ce ba mai ɗaga masa rana. Hannu ɗaya aka yi mata ƙunshi, ɗayan ta ɓoye shi cikin mayafi har aka kai ta ɗakinta a Ƙofar Ƙaura. Kaka kuwa har gobe cewa take addu'ar mai ɗori ce ta kama.