Mace Mai Jiki Da Motsa Jiki A Tsakar Gida

Wannan magana ta matan Dawaki ce, da na sauran garuruwa da ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, musamman waɗanda jiki ya yi wa nauyi. In akwai mai karatu a gidan, ya karanta wa iyaye mata da ƙarfi. Maigida kuma ya zauna ya ji, gama har da shi ake.

Kowa ya san irin matar da muke nufi. Da can ita ce mai tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta tankaɗe, ta ɗora tukunya tun rana ba ta yi zafi ba. Yau ta yi haihuwa biyar ko shida, jiki ya buɗe, gwiwa ta soma ciwo. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa. In za ta gidan suna a unguwa ta gaba, sai ta tsaya sau biyu a hanya tana haki. Mutane su ce, "Ai hutu ne, maigida yana kula da ita." Ita kaɗai ta san abin da take ji.

Abin Da Ya Kawo Haka

Kakanninmu mata ba su bukaci a ce musu su motsa jiki ba, aikin gida ya ishe su: niƙa a dutse, daka a turmi, jan ruwa da guga, ɗaukar itace. Yanzu inji ya karɓi aikin dutsen niƙa, famfon burtsatse ya karɓi aikin guga, babur ya karɓi tafiyar ƙafa. Sauƙi ne, ba mai cewa a koma wahala. Amma tuwon da ake ci bai ragu ba, ga shayi da sukari da taliya da lemon kwalba sun ƙaru. Abincin da jiki bai ƙone da aiki ba, sai ya tara shi ya zama kitse.

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi binciken lafiyar jama'a a Nijeriya. Ta sami mata 28 cikin kowane 100, daga mai shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya wuce kima. Sun fi yawa a birni, amma ƙauye ma bai tsira ba. Ƙiba in ta yi yawa tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa da baya, da wahala wajen haihuwa. Hawan jini kuwa in an ƙyale shi yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki. To, ranar da uwar gida ta kwanta, wa zai riƙe yara?

Akwai kuma mata masu sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin suna kumbura fuska da ciki, su hau da jini da sukari, su raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya ma yana da haɗari. Ta kai kwalin asibiti a nuna mata yadda za ta rabu da shi.

Kafin Ki Fara

Uwargida, abu na farko ki je asibitin da ya fi kusa da ke, ko Babban Asibitin Rano, a gwada jininki da sukarinki. Hawan jini ba ya sallama, mutum yakan yi shekaru da shi bai sani ba.

Na biyu, ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya, kina tsaye, kada ki shanye ciki. In ya wuce inci 31 da rabi, watau santimita 80, a soma lura. In ya kai inci 35, watau wajen santimita 88, haɗarin ya yi yawa. Ki sa a rubuta miki abin da kika samu da ranar.

Na uku, ki bambanta ƙiba da kumburi. Ki danna ƙwabrinki da yatsa. In wurin ya loɓa bai tashi nan da nan ba, ruwa ne ya taru. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a kai ta asibiti ran nan, gama alamar ciwon zuciya ce. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura wannan ciwo yana da yawa ga masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma ja kunne a kan yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi mai tsanani. Mai irin wannan hali magani take bukata tukuna.

Nawa Ake Bukata?

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 a rana, kwana biyar. Ta ce kuma kaɗan ya fi babu, wanda bai saba ba ya fara da abin da zai iya ya riƙa ƙarawa.

An gwada wannan an ga amfaninsa. A Amurka, a shekarar 2002, aka bayyana sakamakon bincike a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda ciwon sukari ya kusa kamawa. Aka sa waɗansu su yi minti 150 ɗin nan, su gyara cin abinci, su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan. Kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100.

Kada lissafin ya ba ki tsoro. Ke da minti 5 za ki fara.

Ga Yadda Ake Yi

Ba sai an sayi kome ba, ba sai an fita ƙofar gida ba. Ki ɗaura zanenki da kyau, ki sa takalmi marar tsini, ki ajiye ruwan sha kusa.

1. Zagayen tsakar gida. Ki yi ta tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa madafa, zuwa bakin zaure, ki komo, kina kaɗa hannuwa. Minti 5 da safe, minti 5 da yamma. Agogon waya ya isa.

2. Tashi da zama. Ki zauna bakin gado ko kan kujera mai tsawo, ki tashi tsaye, ki koma ki zauna a hankali. Sau 5. Kujerar 'yar tsugunne ta cika gajarta, tana wahalar da gwiwa. In da bukata ki dafa da hannu, daga baya ki daina dafawa.

3. Tura bango. Ki tsaya taki ɗaya daga bangon ɗaki mai ƙarfi, ki dafa da tafin hannu biyu daidai kafaɗa. Ki lanƙwasa gwiwar hannu ƙirjinki ya kusanci bangon, sa'an nan ki tura ki miƙe. Sau 5 zuwa 8. Ban da zana, ban da katangar da ruwan sama ya jiƙa.

4. Ɗage. Ki riƙe bango ko bakin turmi, ki ɗaga dugaduganki ki tsaya bisa yatsun ƙafa, ki sauko. Sau 10.

5. Ɗaga robar ruwa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Ki cika robobi biyu na rabin lita, ɗaya a kowane hannu, ki ɗaga zuwa kafaɗa ki sauke. Sau 8.

6. Tafiyar zaune. Wadda gwiwa ta hana ta zagaye, ta zauna bakin gado ta riƙa ɗaga ƙafar dama, ta sauke, ta ɗaga ta hagu, kamar mai tafiya. Minti 2, ta huta, ta sake.

Zagayen kullum ne, sauran kuwa kwana biyu ko uku a mako, ana tsallake rana tsakani. Kada ki riƙe numfashi sa'ad da kike turawa ko ɗagawa.

Mako biyu na farko ki tsaya a minti 5 sau biyu. Daga nan ki ƙara minti 2 ko 3 kowane mako. Cikin wata biyu ko uku za ki kai minti 30, kuma ana iya raba shi uku, goma-goma. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. In ƙarfi ya soma komowa, ki karɓi taɓarya ki yi luguden kaɗan tare da yara. Tafi da rawar gaɗa a cikin ɗaki ma motsa jiki ne.

Ga ma'auni mai sauƙi. In kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kin yi daidai. In magana ta gagare ki, kin yi sauri, ki sassauta.

Lokacin Da Ya Dace

Da bazara a yi bayan asuba ko bayan la'asar, a inuwa, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Da hunturu mai ciwon asma ta yi a cikin ɗaki saboda ƙura. Da azumi a rage, a yi bayan an sha ruwa. Mai ciki tana iya zagaye a hankali in ba a hana ta ba wajen awo. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta jira izinin likita. Mai shan maganin sukari kada ta yi da yunwa, kada kuma ta taka ƙasa ba takalmi, ta riƙa duba ƙafafunta ko akwai rauni.

Ki Tsaya Nan Take

In kin ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko hakin da ya ƙi kwantawa bayan kin huta, ki zauna, ki kira mutane a kai ki asibiti. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne, sabo ne jiki yake yi. Amma in gwiwa ta kumbura, ki koma tafiyar zaune har ta saɓe.

Kada Ki Karaya

Mai yiwuwa wata guda ya wuce nauyi bai ragu ba. Duk da haka za ki ga barci ya yi daɗi, haki ya ragu, kina tashi daga tabarma ba dafawa. Jini da sukari ma sukan sauka tun kafin jiki ya faɗa. Bayan wata uku ki sake aron tef ɗin tela, ki koma a sake gwada jinin. In kina shan maganin hawan jini ko na sukari, kada ki bari sai likita ya ce.

Wajen abinci, ki rage malmalar tuwo ki ƙara miyar ganye, kamar zogale da alayyafo da kuka. Ki rage mai da sukari. Gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Maigida Da Mutanen Gida

Maigida, naka aikin uku ne. Ka ba ta izini da kuɗin zuwa gwaji. Ka hana yara da kowa yi mata dariya, gama kunya ta fi gajiya hana mata wannan abu. Ka kuma daina auna kulawarka da girman jikinta. Kuɗin gwajin jini bai kai kuɗin jinyar wadda ɓarin jikinta ya shanye ba, ko kusa.

Amarya, ki ce, "Yaya, taso mu zagaya." 'Yan mata, ku riƙe wa Inna waya ku ƙidaya mata mintocin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da aka yi tare ya fi daɗewa.

Gobe da safe, kafin a ɗora koko, uwargida ta yi minti biyar ɗinta. Allah ya ba mu lafiya, amin.