Firgita da Baƙin Ciki a Zukatan Yara

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin yaro ba ya riƙe baƙin ciki, wai kafin gari ya waye ya manta. Binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga shekarar 1941, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun lura da yaran da suke reno a Landan, sa'ad da jiragen Jamus ke jefa wa birnin bom. Suka gane rabuwa da uwa ta fi ƙarar bom gigita ƙaramin yaro. Wanda uwarsa ke kusa, hankalinta kwance, yakan jure. Wanda aka raba kuwa, sai fitsarin kwance, da ƙin abinci, da yawan kuka.

Saboda haka, idan gobara ko ambaliya ko rikici ya tashi gari, wajibi ne hakimai su tabbata an bar kowane yaro tare da uwarsa, ko wadda ya saba da ita. Kada a doke shi saboda waɗannan alamu, a lallashe shi. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti.